Bido Biyu da Makullin Baba Idi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa, manyanku da ƙananku. Ina fata kowa ya tashi lafiya da iyalinsa. Don girman Allah a ɓoye sunana. Sunayen da za ku gani a nan ma duk na aro ne, ƙauyen kuwa ba zan faɗe shi ba. Abu ɗaya nake roƙo, ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. In kun gama kuka ga zagin ya dace, to bismilla, babu abin da za ku faɗa mini wanda ban faɗa wa kaina ba cikin shekara ashirin ɗin nan. Amma bayan zagin ku ba ni shawara, don lokaci ya ƙure mini, akwai wani tsoho kwance yana jirana.

Ni haifaffen Birni ne a nan Damagaram, iyayena asalin Barno. Yanzu furfura ta kama ni, ina aiki a wani labo inda ake auna ruwan sha, kuma a unguwarmu in ana neman mutumin kirki a kan nuna ƙofata. Ku riƙe wannan, za ku ga abin kunyar a gaba.

Abin ya faru a shekarar nan da damina ta yanke tun hatsi bai fid da kai ba, fara kuma ta zo ta share ɗan abin da ya rage. Wanda ya rayu a lokacin ya san me nake nufi. Rijiyoyi suka ƙafe, mata na dafa anza kwana da kwanaki don a kashe ɗacinta a ci. A wani ƙauye tsakanin Mirriya da Dogo akwai tafki mai zurfi wanda ba ya ƙafewa da wuri, shi kaɗai ya rage wa ƙauyuka uku. To masu feshin fara da suka gama aikinsu, Allah ya shirye su, sai suka wanke gangunan maganinsu da injinan feshinsu a bakin tafkin nan suka yi gaba. Kifi ya taso ciki sama, awaki suka fara zubar da yawu suna faɗuwa. Mutane suka tafasa ruwan, suka tace da ƙyalle, suka zuba jabel, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, duk a banza, don wannan ba ƙwayar cuta ba ce da zafi zai kashe, guba ce narke a cikin ruwa.

Sai wani furoje, wato shirin agaji, ya kawo wata injiniya daga Yamai, mace gajera mai faɗa, kowa Madam yake ce mata. Ta kafa ɗan wurin gyaran ruwa a bakin tafkin, manyan tankunan roba biyu, da matatar rairayi, da famfo, da ƙaramin magaza na ajiye magani. Ta nemi wanda ya ɗan taɓa ilimin haɗa magunguna a lakwal, wato makarantar boko, aka kawo ni, ina zaune ba aiki, wata huɗu da aure. Aka ba ni babur na zuwa da komawa. Ƙauyen kuma suka ba da Baba Idi a matsayin mai gadi, manomi ne da gonarsa ta ƙone, mutum mai tsantseni wanda ko ɓawon gyaɗar wani ba ya ɗauka. Madam ta rataya masa makullin magaza a wuya da igiyar fata, ta ce, "Baba, kai ke buɗewa, kai ke rufewa, amma ba ka shiga. Kada makullin nan ya bar wuyanka." Ya ce, "Sai dai in wuyan ya bar ni, Madam."

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don in ba ku gane shi ba ba za ku gane laifina ba. A kan janyo ruwan tafki a cika tanki, a ɗiga masa ɗan asid, a zuba wani koren gari da ake ce wa gishirin ƙarfe, sannan a zuba oksijene. Kun san oksijene, wanda ake zuba wa miki a likita ya yi kumfa? To namu irinsa ne, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, in ya taɓa fata sai ta yi fari fat. Shi ne ke ƙone gubar a cikin ruwa ba tare da wuta ba. Amma shi kaɗai malalaci ne, sai ƙarfen ya zuga shi. Madam takan ce ƙarfen kamar mai zuga ne a maƙera, ba shi ke sara ba, ba shi ke ƙonewa ba, amma in babu shi wuta ba ta ci. Bayan sun gama sai a zuba farar ƙasa, komai ya kwanta ja a gindin tanki, a tace ta rairayi, ruwa ya fito garau. Ranar farko ta ɗebo oksijene a kofin gilashi, ta jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ciki. Nan take ya kama tafasa yana huci. Ta dube ni ta ce, "Ka gani? In sun haɗu a cikin ruwan tafki, guba suke ci. In sun haɗu su kaɗai, oksijene kansa yake ci, anjima wannan ruwa ne kawai, kuma idonka ba zai bambance ba. Kada ka yarda ya taɓa ƙarfe. A bidonsa, jarkar robar nan, ya zo, a bidonsa zai zauna." Na ce na ji. Wallahi na ji, ba zan ce muku ban sani ba.

Wata biyu komai lafiya. Kowace safiya mata sun yi layi tun daga famfo har gindin wata gawo, Baba Idi na tsaye da sandarsa yana raba faɗa, yana alfahari kamar shi ya ƙirƙiro ruwan. Mushe yake kirana, yadda ake girmama ɗan boko da Faransanci, ko da na girme wa 'yarsa da kaɗan ne. Yakan ce wa matan, "Ruwan Mushe ya fi na Damagaram tsabta, ku sha ku gode Allah." Yana da 'ya ɗaya tilo, Hajara, da ta dawo gida da ciki don mijinta ya tafi cin rani. Da can takan bi mata zuwa wata rijiya mai nisa da ke ɗan tsatsafowa, shi ya hana ta, ya ce ga ruwa mai kyau a ƙofar gida, me zai kai mai ciki tafiyar rabin wuni?

Sai aka kawo sabon oksijene, bido huɗu, irin shuɗɗan nan masu kaurin roba da murfi mai kyau, kowane ɗaya na mako guda. Biyu a gaba, biyu a bayan buhunan gishirin ƙarfe. Madam ta ce za ta Yamai, sai bayan wata ɗaya. A makon nan kuwa surukata ta zo gidanmu daga ƙauyensu wajen Zermu. Kun san al'ada, ba na haɗa ido da ita, ba ta magana da ni kai tsaye, in na shigo na durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ina alwala a tsakar gida na ji ta daga ɗaki tana yi wa matata Rabi magana, da muryar da aka ɗaga daidai yadda zan ji. "Tulun nan nawa na biyu ya fashe a bayan jaki. Ruwan da na yi wuni ina jira, ƙasa ta shanye. Mijin yayarki dai, Allah ya yi masa albarka, ya aiko da shinkafa. Na ji an ce wasu a wurin aikinsu bido har ba a san abin da za a yi da su ba." Sannan ta ƙara, "Ni dai ban roƙi kowa ba."

Jama'a, ruwan alwalar nan sai na ji kamar na zafi. Wata shida da aure, abu na farko da surukata ta taɓa nema a hannuna, kuma an riga an ambaci mijin yaya. Da yamma Rabi ta ce mini, "Malam, ka ji Inna. Jibi za ta koma." Na ce bidon duk cike suke, a yi haƙuri mako ɗaya in ɗaya ya ƙare. Ta ce, "To shi ke nan, zan gaya mata ka ce ba hali." Wannan "ka ce ba hali" ita ta kashe ni. Ban ɗora wa Rabi laifi ba, ban ɗora wa Inna ba, Allah ya jiƙanta, tsohuwa ce mai ƙishirwa. Ni ne mai ilimin, ni aka nuna wa ƙusa a kofi. Mako ɗaya fa! Me zai same ni in an ce surukin Inna ya gaza na mako ɗaya? Amma ni a lokacin gani nake gara ƙasa ta tsage in shige.

Washegari ranar kasuwar Mirriya ce, ba a buɗe famfo sai da safe kawai. Baba Idi ya zo yana jan 'yar akuyarsa ta ƙarshe, zai kai ta kasuwa ya samo hatsi. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Mushe, ban san yadda zan yi ba, kai ba ka gama aiki a ciki ba, ni kuma in na jira mota za ta wuce ni." Na ce ya bar mini makullin. Ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Madam ta hana, amma kai ai ba wani ba ne." Ni ban ma roƙa da ƙarfi ba, kun gani, abin ya zo mini a sauƙaƙe kamar Shaiɗan ne ya shirya.

Akwai wani tano a magazan, gangar ƙarfe da muke ɗora kaya a kai. Na buɗe na leƙa ta bakin, na ga cikinsa da fenti, na ce wa kaina ai fenti ba ƙarfe ba ne, kuma mako biyu ne kawai, in na gaba sun ƙare sai in mayar a ciki, in Madam ta tambayi bido biyu in ce sun tsage na yar. Gindin tanon, inda tsatsa ke taruwa, ban gan shi ba, ban kuma nemi in gani ba. Na tuttule na baya biyun a ciki. Ban gama ɗauraye bidon ba na ji wani sauti kamar ana soya abu a mai. Kafin in juya tanon ya ɗau zafi, kumfa na ambaliya ta bakin, tururi ya cika magaza, na fito da gudu ina tari, yatsuna uku sun yi fari. Na tsaya a rana ina kallon ƙofa ina innalillahi. Ƙauyen shiru, kowa na kasuwa, ba wanda ya gani sai Allah. Da abin ya lafa na ɗebo kaɗan na jefa ƙusa. Ƙusa ta nutse ta kwanta abinta. Rabin maganin wata guda ya zama ruwa.

Kun san abin da na yi? Na cusa bidon biyu a buhu, na ɗaure a babur, na kai gida. Inna ta sa albarka tana kallon bango, har da cewa Rabi ta yi dacen miji. Garin neman gira na rasa ido, kuma a ranar ma ana yaba mini girar.

A nan ne ainihin laifin yake, ba a tanon ba. Tanon wauta ce, abin da ya biyo baya kuwa da hankalina na yi shi. Da na je Mirriya na buga wa Madam waya na ce ga abin da na yi, da an kore ni, shi ke nan, da an kawo wani magani. Ko kuma in yi aiki da bido biyun da suka rage yadda ya kamata, mako biyu, sannan in rufe famfo in ce magani ya ƙare. Amma wa zai tsaya gaban matan nan ya ce yau babu ruwa? Wa zai koma gida ya ce an kore shi saboda bidon Inna? Sai na ce bari in ja maganin ya kai wata. Kullum in na ɗiba daga bidon gaba, sai in cika gurbin da mataccen ruwan tanon. Makon farko da sauran ƙarfi. Mako na biyu tankin ya daina ɗumi in na zuba, da can kuwa yakan ɗan yi ɗumi. Mako na uku ruwa nake zuba wa ruwa. Abin da ya rufa mini asiri shi ne gishirin ƙarfe da farar ƙasa suna kwantar da laka ko da oksijene ko babu, ruwan na fitowa garau kamar kullum. Sai in ka kai hanci sosai za ka ji wani ɗan wari kamar na kananzir.

Ni kuwa na daina sha. Na fara zuwa da gorata cike daga Damagaram. Baba Idi ya lura, wata rana ya miƙo mini moɗa daga famfo na ce na ƙoshi, ya ce, "Mushe, kwana biyu ba ka shan namu." Na ce cikina ne ke damuna, likita ya ce in riƙa shan na gida. Ya ce, "Ayya, sannu. Allah ya sawwaƙe." Ya ɗaga moɗar ya shanye a gabana, ya cika tulun Hajara ya ɗora mata a ka. Ina tsaye. Ina da baki, ina da harshe, ban ce uffan ba. Wane irin mutum ne ke yin haka? Ku gaya mini, don ni har yau ban samo sunansa ba.

Mutane suka fara kukan ciwon kai da amai, yara na zawo, wasu na cewa idonsu na hazo. Amma shekarar yunwa ce, wa ke da lafiya? Aka ce anza ce ba a jiƙa ta sosai ba. Ni ma na ce anza ce, har na fara yarda. A mako na huɗu Hajara ta faɗi a bakin murhu, cikinta wata bakwai. Aka ɗauke ta a amalanke zuwa bakin hanya, ni na tsayar da motar da ta kai ta likita a Mirriya. Ɗan ya zo ba rai, ita kuma ta bi shi bayan kwana biyu. Likita bai ce ruwan ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne, ya ce jikinta ba jini, ga yunwa. Shekara ashirin ina riƙe da wannan magana kamar igiya, ina cewa wataƙila ko da ruwa mai kyau da ta mutu. Wataƙila. Amma na san abin da na zuba a tankin, na kuma san wanda ya cika mata tulu.

Ana zaman makoki Madam ta dawo. Ta ji labarin rashin lafiyar, ba ta ko zauna ba ta wuce famfo, ta sunsuna ruwan, fuskarta ta canza. Ta sa Baba ya buɗe magaza. Tanon na riga na zubar na mirgina shi baya. Ta ɗebo daga bidon gaba ta jefa ƙusa, shiru. Ta ture buhuna, babu bido biyu. Ta juyo kaina ta ce, "Me ke nan?" Na ce, wallahi ina jin muryata har yanzu, na ce, "Madam, ni abin da na tarar nake zubawa, ke kika ce ido ba ya bambancewa. Na bayan kuwa ban taɓa leƙa su ba." Sai ta juya wajen tsohon da ya binne 'yarsa kwana uku da suka wuce, ta ce, "Baba, makullin nan ya taɓa barin wuyanka?" Ya dube ni. Ɗan kallo ne, bai kai ƙiftawar ido uku ba. Ya ce, "Bai taɓa ba, Madam."

Jandarma suka tafi da shi, ya yi kwanaki a hannunsu, ba a sami komai a gidansa ba aka sake shi. Furoje ya rufe wurin, aka kwashe tankunan, mata suka koma tafiyar rabin wuni. Ƙauyuka uku suka ɗora masa, aka ce ya sayar da magani ya cika da ruwa, Allah ya kama shi a kan 'yarsa. Yara na binsa da waƙa. Mutumin da ke sahun gaba a masallaci ya koma sallah a bakin ƙofa. Da na je gaishe shi bayan an sake shi, na tafi da niyyar in faɗa, Allah shaida ne. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna ya ce, "Mushe, ban ambaci ranar kasuwar nan ba, kada ka damu. Da na faɗa da sun shafa maka kashin kaji, kai kuwa yaro ne mai ilimi, gaba gare ka. Ni na san wanda ya yi." Na ce wane ne. Ya ce, "Ɗanjuma ne."

Ɗanjuma ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun yana saurayi aka san shi da ɗan ɗauke-ɗauke, kaza nan, damin hatsi can. Yakan zo su yi ƙailula tare a inuwar magaza, kuma a cikin watan nan ya tashi ya tafi cin rani kudu ba sallama. Baba ya haɗa wannan da wancan, ya ce yana barci aka zare masa makulli. Ya ce, "Ƙanena ya kashe mini 'ya saboda robar banza." Ni kuwa da na zo faɗin gaskiya sai na ji an buɗe mini wata ƙofa, na bi ta na fita. Na ce, "Baba, a bar wa Allah."

Tun daga ranar ban taɓa barin kaka ta wuce ban kai masa hatsi ba. Da idonsa ya fara mutuwa ni na kai shi likita. Rufin ɗakinsa ni na gyara. Mutane na cewa, kai, wane ɗan halak ne, duk duniya ta guji tsohon nan shi bai guje shi ba. Shi kuma ko'ina cewa yake Allah ya karɓi 'yarsa ya ba shi ɗa. Kowace albarka ya sa mini ji nake kamar an ɗora mini dutse. Ɗanjuma ya dawo bayan shekara uku, ya rantse da Alƙur'ani bai san zancen ba, wa zai yarda da mai tsohon suna? Baba ya ce kada ya ƙara taka ƙofarsa. Gida ɗaya aka raba da zana, shekara goma sha bakwai ba gaisuwa, ko ranar salla. Rabi ba ta san komai ba har yau. Da Inna ta rasu aka kawo mata ɗaya daga bidon nan cikin kayan gado, yana nan a tsakar gidana, ya koɗe amma bai tsage ba. Rabi na ce masa bidon albarka, a cikinsa take ajiye mini ruwan alwala.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Juma'ar da ta wuce aka aiko Baba Idi na nemana. Na tarar da shi ya zama ƙashi da fata, ba ya cin komai sai ɗan kunu, limamin ƙauyen na zaune gefensa. Ya lalubo hannuna ya ce, "Mushe, ka zo? To Liman, ka shaida. In na cika, wannan shi zai yi mini wanka, shi zai sa ni a kabari. Na yafe wa Madam, na yafe wa jandarma, na yafe wa duk wanda ya yi mini waƙa. Mutum ɗaya ne ban yafe wa ba, wanda ya mai da maganin nan ruwa. Shi sai mun tsaya gaban Allah, ni da shi da Hajara." Liman ya yi ta ba shi baki, ya ce Malam Idi, jini ɗaya kuke, ka sassauta. Ya juya fuska bango. Hannunsa na cikin nawa duk lokacin nan, yana matsawa.

Da na fito na tarar da Ɗanjuma tsugune a bakin zana, shi ma ya tsufa, haƙoransa sun zube. An ce kwana shida ke nan yana wuni a wurin. Ya taso ya riƙe mini riga ya ce, "Mushe, kai kaɗai yake jin maganarka. Na yi sata a rayuwata, ban musa ba, amma wallahi ban taɓa makullin nan ba. To amma na gaji. Ka shiga ka gaya masa na amsa, ni ne. Ka ce na ce ni na yi, ya yafe mini. In dai zai bari in shiga in ga fuskarsa kafin a rufe ta, na ɗauka." Yana faɗa yana kuka, tsoho da gemu. Na ce masa zan dawo, na hau babur, ban san yadda na iso Damagaram ba.

Kwana huɗu ke nan ba na iya cin abinci. In na faɗa wa Baba gaskiya, na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage masa, zai mutu ya san ɗan da yake sa wa albarka shi ne ya tsaya yana kallo ana cika tulun Hajara, kuma ina tsoron maganar ita za ta ƙarasa shi. Rabi za ta ji, 'ya'yana za su ji, wurin aikina za su ji cewa mai auna musu ruwa ya taɓa shayar da ƙauyuka uku guba. In kuma na yi shiru, zai tafi da ƙullin ƙanensa a zuci, ni kuma in wanke shi da hannun nan, alhali ni ne wanda ya ce zai jira a gaban Allah. In na kai saƙon Ɗanjuma kuwa, 'yan'uwa za su shirya, kowa ya ce na yi aikin lada, amma a kan ƙarya ta biyu da ta fi ta farko muni. Kada wani ya ce mini in yi istigfari in yi sadaka, na yi shekara ashirin ina yi, haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da buhun hatsi.

Ɗazu Liman ya bugo waya, ya ce Baba ya daina karɓar kunun, yana ta tambaya ko Mushe ya iso, Ɗanjuma kuma na nan bakin zana yana jiran amsar da zan kawo masa. Gobe da safe zan kama hanya, kuma ban san da wane baki zan shiga ɗakin nan ba. Don Allah, 'yan'uwa, me zan yi?